Dafa kayan dashen haƙori yana ɓata awonsu?

Wani ƙanena da ke koyon aikin haƙori nan Gusau ya dame ni da tambayoyi a WhatsApp cikin dare, nace bari in amsa mashi a fili kowa ya amfana.

Yaya, wai mine ne dashen haƙori na kwamfuta?

Dashe dai shi ne a kafa ɗan sukuru na ƙarfen titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora haƙori bisa. Wani likitan Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi ma mutum a 1965. Na kwamfuta kuma sai a ɗauki hoton ƙashi, a yi sikan ɗin baki, a tsara wurin huda a kwamfuta, sannan firintar 3D ta buga wani faranti na roba da ake zaunarwa bisa haƙora mai 'yan ramuka, ta cikin ramin nan na'urar huda ke bi. Shi muke ce ma gaid. Bayan an dasa kuma akwai wani ɗan turke da ake ɗaurawa bisa dashen lokacin sikan, don kwamfuta ta gane inda dashen yake da inda ya fuskanta.

To wanne daga ciki zafi ke taɓawa?

Dashen kansa baya cikin maganar, a rufe yake zuwa daga kamfani an riga an kashe ƙwayoyin cutarsa da wani haske mai ratsa kaya da ake ce ma gama, ba a sake dafa shi. Gaid da turken sikan su ne ke shiga otokilef, tukunyar tururin nan da ake dafa kayan aiki ciki don kashe ƙwayoyin cuta. Ita kuma ko dai digiri 121 na minti 15 zuwa 20, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4.

Yanzu duba nan. Turken in na titaniyam ne wanga zafi wasa ne gare shi, sai ya kai wajen digiri 1,668 yake narkewa. Amma da yawa da robar PEEK ake yinsu saboda na'urar sikan tafi ganinta da kyau, bata ƙyalli, ita ko PEEK wajen digiri 143 take fara sakin jiki, kaga kenan 134 ya matso kusa ƙwarai, ba wai zata narke bane a'a, amma a dafa yau a ɗaure da sukuru gobe a sake dafawa jibi, a hankali gindin da ke zama kan dashen sai ya ɗan lotse. Kamar bokitin roba ne da aka saba barinshi a ranar watan Afrilu, yana nan bokiti amma marfinsa ya daina shiga daidai.

Gaid ma haka. In ba a gasa shi da hasken da ake haska mashi bayan bugu don ya ƙara tauri yadda ya kamata ba, ko aka ɗora mashi kaya masu nauyi yana da zafi, zai iya ɗan murɗewa, musamman mai tsawo.

Abinda ido baya gani ma har ya zama matsala?

Sosai ma. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, kuma milimita 2 kacal aka saba bari tsakaninta da dashe. In gaid bai zauna ba, 'yar karkatar da ta fara a sama tana ƙara buɗewa can ƙasa a bakin huda. A muƙamuƙin sama kuma abin gudu shi ne kogon iska na gefen hanci.

Na turke ya fi ban haushi. Kwamfuta bata san ya lotse ba, abinda ta gani shi zata yarda da shi. Haƙori ɗaya abin kan wuce ba a ji ba, amma in dashe huɗu ko shida aka haɗe da gada ɗaya, wato jerin haƙoran roƙo da ke manne da juna, sai gadar ta ƙi zama sai an matsa, daga baya sukuru ya riƙa kwancewa ko ya karye.

To me zai hana a tsoma su cikin sifirit kawai?

Kul. Sifirit da kilohezidin, maganin kurkure bakin nan, rage ƙwayoyin cuta suke, basa kashe masu ɓawon nan masu taurin rai. Gaid kuwa jini yake taɓawa, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini da ranta. Akwai injin da ke aiki da tururin haidurojin feroksaid ba zafi sosai, amma kuɗinsa ba na ƙaramin asibiti bane.

Mu nan da wutarmu ke wasan ɓuya, ya zamu yi?

Karanta takardar kamfanin da ya yi robar, zafin da suka rubuta shi zaka bi. Wasu turakun sau ɗaya aka yarda a yi aiki da su, wasu an ƙayyade masu adadi, don haka ka buɗe littafi kana rubuta sau nawa kowanne ya shiga tukunya. In aka ɗauke wuta tsakiyar dahuwa dole a sake daga farko, kuma wannan ma ka ƙirga shi, shi ya sa ni gara in tada janareto tun kafin in kunna. Kar ka zuba ruwan bohol, tataccen ruwa ake sawa. Ka bar gaid ya huce da kansa a shimfiɗe. Kafin a fara huda kuma a gwada shi a baki, in ka danna gefe ɗaya ɗayan ya ɗaga, a ajiye shi a buga wani, ko da mara lafiyan daga Talata Mafara ya taso.