Wane dodon ake nufi?

Kwanan nan duk tashar da ka murɗo sai ka ji dodo. Tsadar abinci dodo, rashin wutar lantarki dodo, ɗan takara ma an ce shi ne dodon 'yan adawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani mai gabatar da shiri da na ji a hutun Sallar nan, yana gargaɗin iyaye su hana yara kallon "finafinan aljanu irin su Godzilla". Aljanu kuma? Ina aljani a ciki?

Ranar da na ji maganar mun dawo ke nan daga kallon Hawan Magajiya a nan Daura. Muka baje tabarma a zaure, ɗan ƙanwata ya kifa turmi ya ɗora kwamfuta, ya kunna mana tsohon fim ɗin Godzilla, na baƙi da fari, wanda ya fito a 1954. Yara suka yi tsit, nama a hannu amma an kasa kai shi baki.

Dodon da muka tashi da shi na tatsuniya ne. Yana can cikin dawa ko ƙarƙashin ruwa, ba wanda ya san mafarinsa, ba kuma wanda ke tambaya. Ko macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutanen garin nan ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ba a taɓa gaya mana laifin wa ya kawo shi ba. Bayajidda ya sare masa kai, ruwa ya samu, magana ta ƙare.

Dodon almarar kimiyya ba haka yake ba. Dole ya zo da sanadi, kuma sau da yawa ɗan Adam ne sanadin. Godzilla na Japanawa ne, su Gojira suke kiransa, sunan da suka haɗa daga kalmominsu biyu, gwaggon biri da dabbar nan mafi girma a teku. A labarin, gwajin bam ɗin nukiliya ne ya taso shi daga ƙasan teku. Ba daga iska suka ɗauko wannan ba. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani ƙaton bam a tsibiran Bikini, tokarsa mai guba ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Duk suka kamu da ciwo, ɗaya ya rasu a watan Satumba, fim ɗin ya fito a Nuwamba. Shekara 9 kacal bayan an jefa wa biranen Japan, Hiroshima da Nagasaki, bam ɗin nukiliya. Mutanen da suka cika gidajen kallo sun san warin garin da ya ƙone. To yaya za a ce wannan fim ɗin aljanu ne? Mutum ne ma cikin rigar roba mai nauyin gaske yake tattake ƙananan gidajen da aka ƙera, amma tsoron da ke ciki na gaskiya ne.

Shi ya sa nake jin zafi idan mai mulki ya ce tsada dodo ce. Na tatsuniya yake nufi, wanda ya faɗo daga dawa ba da hannun kowa ba, sai dai a yi ta addu'a a jira mai takobi. Ni kuwa dodon fim nake gani a kasuwa, mai mafari, mai ranar haihuwa, wanda wasu suka zauna suka sa hannu a takarda kafin ya farka.

Da fim ɗin ya ƙare ƙaramin cikin yaran ya ja mini riga. "Kawu, wa ya tashe shi?" Na ce mutane ne. Ya ce su wane? Sai muka mayar da fim ɗin baya, zuwa inda tsohon masanin nan ya tsaya gaban 'yan majalisa yana bayanin gubar da aka samu a yashin sawun dodon.