Cocin Katolika a Kano da makarantunta

Cocin Katolika a birnin Kano ta samo asali ne daga baƙi ma'aikata da jirgin ƙasa ya kawo. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, sannan aka yanka Sabon Gari a 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Gwamnatin mulkin mallaka ta hana 'yan mishan wa'azi a cikin ganuwa don kada ta ɓata da sarakuna, shi ya sa coci da makaranta duk suka tsiro a waje. Limaman farko 'yan ƙungiyar SMA ne, wato ƙungiyar mishan ta Katolika mai aiki a Afirka, waɗanda suka kafa tasharsu ta farko a Arewa a Shendam a 1907.

Ikilisiya irin wannan da kaɗan-kaɗan take kafuwa. Da fari 'yan tsirarun masu bi ne ke taruwa ƙarƙashin katikis, wato mai koyar da addini, Fada (limamin cocin) yana zuwa jefi-jefi ya yi baftisma ya ɗaura aure. Idan jama'a ta yi kauri sai a ba su Fada mazauni, a buɗe rajistar baftisma da ta aure da ta mamata. Waɗannan littattafai su ne gadon tarihin ikilisiya, kuma gara da yoyon rufi sun fi komai cinye su. Makaranta kan biyo baya nan da nan, sau da yawa a cikin ɗakin sujadar kansa: bencin Lahadi shi ne bencin Litinin, katikis kuma shi ne malami. Fada ke riƙe da muƙamin manaja, shi ke ɗaukar malamai da biyan albashi daga kuɗin makaranta da baikon Lahadi (kuɗin da masu bi ke bayarwa a coci), da tallafin gwamnati idan sufeto ya gamsu da gini da takardun malamai.

Babban sauyi ya zo a 1948, lokacin da Sistocin St. Louis, mata masu hidimar coci, suka iso daga Ayilan zuwa Kano, wadda ita ce masaukinsu na farko a Najeriya. Ƙungiyar tasu a Faransa aka kafa ta a 1842. Ilimin 'ya'ya mata suka sa a gaba, a zamanin da iyaye ƙalilan ke yarda 'yarsu ta wuce firamare, kuma sakandaren St. Louis da ke Bompai ta yi suna har iyalan Musulmi suna kai 'ya'yansu. Wannan ne ya fi komai haɗa cocin da mutanen gari, domin wanda bai taɓa taka ƙofar majami'a ba ya san ƙofar makarantar. Akwai kuma sakandaren St. Thomas.

Raunin tsarin shi ne dogaro da baƙi. A rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, Inyamurai da yawa suka koma gida, azuzuwa suka zama fayau, malamai da masu ba da baiko suka tafi a lokaci guda. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 gwamnati ta zama uwa da makarɓiya a harkar makarantu, ikon mishan ya ragu. Daga baya cocin ta ƙara mai da hankali ga ƙauyukan Maguzawa, inda ake sujada da Hausa, kuma Zumuntar Mata Katolika ke ɗauke da waƙa da hidima.

Ta fuskar mulkin coci, Kano ta daɗe a ƙarƙashin Kaduna. An ware ta a 1991, aka ɗaga darajarta a 1995, ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1999, tana kula da jihohin Kano da Jigawa. Bishop na farko shi ne Patrick Sheehan, wanda aka ɗauko daga Yola, sai John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. Kujerar bishop tana babbar majami'ar Our Lady of Fatima.