Me ake nufi da DHEM a harkar neman nikel?

Ɗaliban ilimin duwatsu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi sukan ci karo da haruffan DHEM (taƙaicen downhole electromagnetics a Turance) a rahotannin kamfanonin ma'adinai. Awo ne na lantarki da maganaɗisu da ake yi a cikin ramin da injin haƙa ya riga ya huda, don a gano ma'adinin da ke gefe wanda bakin injin ya kuskure.

A nan gida mun saba ganin masu neman ruwa suna kafa ƙarafa a ƙasa, suna jan waya kafin a haƙa rijiyar burtsatse. DHEM ɗan uwan wancan awon ne, sai dai shi daga ciki yake saurare.

Nikel ɗin da ya haɗu da farar wuta yakan zauna tare da wani ma'adini mai suna firotait, kuma idan suka dunƙule, lantarki na ratsa su fiye da dutsen da ke kewaye nesa ba kusa ba. To, sai a shimfiɗa waya a doron ƙasa, zagaye guda mai faɗin ɗaruruwan mitoci, a sakar mata wuta, sannan a katse farat ɗaya. Katsewar nan ke tayar da lantarki a jikin dunƙulen, ya riƙa kewayawa yana dusashewa. A lokacin an zura siririyar na'ura cikin ramin, ana tsayar da ita mataki-mataki tana ɗaukar wannan amsar. A dutsen banza amsar takan mutu nan take, a dunƙule mai kyau kuwa takan jima. Da yake na'urar na auna fuskoki 3, ana iya sanin ko abin yana sama, ƙasa ko wane gefe.

Abin da ya sa nake ganin darajarsa shi ne, dutsen da ake zarowa daga rami kaurinsa kamar santimita 5 ne kawai, alhali awon kan hango mita 100 ko fiye a kewaye. Ramin da aka kashe maƙudan kuɗi a kai ya fito fayau, sai ya nuna inda za a huda na gaba. Shi ya sa aka daɗe ana dogaro da shi a Sadbiri ta Kanada, da kuma Kambalda ta Ostareliya wadda aka gano nikel a cikinta a 1966.

Amma fa na'urar ba ta san nikel ba. Girafait, wanda ake yin bakin fensir da shi, yakan ba da amsa mai ƙarfi, haka ma firotait da babu nikel a cikinsa. Dole sai an sake huda, an kai dutsen ɗakin gwaji.