Wane Maciji Ne Wannan? Gane Shi Daga Nesa, Ba a Hannu Ba

Da zarar damina ta kankama, tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Malam, wane irin maciji ne wannan?" Wani ya miƙo mini waya da hoto, wani ya kwatanta tsawonsa da hannu, wani kuma ya kwance bakin buhu ya ce in leƙa. Wannan na ƙarshe shi ne ke tayar mini da hankali. Na taɓa karɓar wani saurayi a asibiti da ya sare kan maciji da fartanya a gona, ya sunkuya ya ɗauki kan don ya nuna wa mahaifinsa, sai kan ya kama shi a ɗan yatsa. Gangar jikin tana can gefe guda, amma dafin ya shiga, hannu ya kumbura har gwiwa. Kan maciji yana iya sara bayan an raba shi da jiki, har tsawon wani lokaci. Saboda haka kafin in faɗi komai game da kamanni, ga roƙona: a gane maciji da ido, daga nesa. Hannu ba shi da aiki a wannan sha'ani.

Sanin irin macijin da ke gonarka ko bayan gidanka yana da amfani ƙwarai. Macizan duniya sun haura iri dubu uku, kuma mafi yawansu ba su da dafin da zai kashe mutum. Da yawa ma abokan aikin manomi ne, don su ne ke rage ɓerayen da ke ɓarna a rumbu. Amma 'yan ƙalilan ɗin da ke da dafi ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji yana saran mutum kusan miliyan 5.4 a kowace shekara, kuma tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna rasa ransu. Waɗanda ke rasa ƙafa ko hannu, ko su nakasa ta wata hanya, sun ninka haka kusan sau uku. A shekarar 2017 ne hukumar ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma tana neman rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Mafi yawan waɗannan mutane manoma ne da makiyaya da yara, wato mu da 'ya'yanmu.

Wadda na fi so kowa ya sani ita ce kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa. Ƙarama ce, kuma ƙanƙantarta ce ke yaudarar mutane. Da wuya ta wuce santimita 60, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori. Launinta ruwan ƙasa ne ko toka-toka, ta saje da busasshen ganye da turɓaya, a bayanta akwai dabbare-dabbare masu haske, a gefenta kuma fararen ɗigo a jere kamar 'yan idanu. Kanta gajere ne mai ɗan faɗi, wuyanta siriri. Babbar alamarta ita ce abin da take yi idan ta ji an matsa mata: sai ta lanƙwashe jikinta ninki-ninki, ta riƙa goga ɓawon fatarta da juna, ka ji wani sauti yana fita kamar an yayyafa ruwa a kan kasko mai zafi. Wanda ya taɓa jin wannan sauti ba ya manta shi. Idan ka ji shi, ja da baya, don saranta kamar ƙiftawar ido ne. Ta fi fita da almuru da dare, musamman bayan an ɗauke ruwa, da rana kuma tana kwance ƙarƙashin dami ko dutse ko tarin ciyawar da aka nome jiya. Shi ya sa mai ɗaga dami da hannu da mai tafiya ba takalmi suka fi haɗuwa da ita.

To ga inda abin yake da wuya. Akwai wani maciji mai cin ƙwan tsuntsaye wanda kusan ba shi da haƙori, ba ya cutar da kowa, amma launinsa irin nata ne, kuma shi ma yana lanƙwashewa ya goga fatarsa ya fitar da irin wannan sauti. Kwaikwayonta yake yi don a ji tsoronsa. Ko mu da muka saba gani sai mun ƙura wa hoto ido kafin mu raba su. Idan haka ne, manomin da ya hango abu cikin ciyawa da magariba yaya zai yi? Ya ɗauka kububuwa ce ya kauce, shi ke nan. Ba a asarar komai don an kauce wa maciji marar dafi.

Kasa kuwa ba ta da wuyar ganewa idan ka gan ta, ganin ne ke da wuya. Kakkaura ce, gajera idan aka kwatanta da kaurinta, tsawonta wajen mita ɗaya, kanta mai faɗi kamar bakin magirbi, a bayanta akwai zane mai kusurwa a jere har wutsiya. Ba ta gudu idan ta ji tafiyar mutum, kwanciyarta take yi ta dogara da launinta, shi ya sa ake misali da barcinta. Amma ba barci ba ne, lamɓo ne. Idan an kusa taka ta sai ta kumbura ta yi huci mai ƙarfi. Dafinta yana kawo kumburi mai tsanani da ruɓewar nama, kuma mutane da dama sun rasa ƙafa a dalilinsa saboda jinkirin zuwa asibiti.

Gamsheƙa dogo ne, galibi baƙi, da ja-ja ko fari-fari a maƙogwaro. Idan ya fusata yakan ɗago gaba ya fasa kai, ya tsarto dafi ya nufi ido, kuma yana iya samun mutum daga nisan mita biyu ko fiye. Shi ne mai shiga akurki neman ƙwai da 'yan tsaki, shi ne kuma mai shiga ɗaki da dare yana bin ɓera, ya sari wanda ke kwance a ƙasa. Idan dafinsa ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, kada a murza, sannan a tafi asibiti. Ɗan'uwansa kumurci shi ma yana fasa kai, kuma a cikin danginsu akwai waɗanda dafinsu jijiya yake kamawa: fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, numfashi ya soma sarƙewa. Mesa ba ta da dafi, sai dai babba tana da ƙarfin da ba a wasa da shi, a bar ta ta wuce.

Akwai wani da nake jin tsoronsa saboda bai yi kama da abin tsoro ba. Ɗan siriri ne, baƙi mai sheƙi, kansa da wuyansa kusan ɗaya, idanunsa 'yan mitsi-mitsi, yana zaune a cikin ƙasa, garma ko ruwan sama ne ke fito da shi. Fiƙarsa tana fita ta gefen baki ko bai buɗe bakin ba, saboda haka mai ganin ya iya kama maciji ta ƙeya, shi ne zai fara soka a yatsa. Yara suna ɗaukarsa don sun zaci babbar tsutsa ce. A ja musu kunne.

Ina jin mutane suna faɗin wasu dokoki na gane mai dafi, har ana yaɗa su a waya. Wai mai dafi kansa mai kusurwa uku ne, wai ƙwayar idonsa a tsage take kamar ta kyanwa. Ku yi hattara da wannan magana. Gamsheƙa da kumurci ƙwayar idonsu zagayayya ce, kansu ba mai kusurwa ba ne, kuma suna kisa. Mesa ƙwayar idonta a tsage take, ba ta da dafi. Macizai marasa dafi da yawa suna baje kansu idan sun tsorata har ya yi kusurwa. Kuma wa zai matsa har ya ga ƙwayar idon maciji? Launi shi kaɗai ma ba hujja ba ne, don iri ɗaya yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, ɗan ƙarami kuma yakan sha bamban da babba. Sai an haɗa tsawo da kauri da zane da hali da wurin da aka gan shi, sannan a iya cewa wani abu.

Idan ka ga maciji a gona ko a gida, tsaya cak, ka ja da baya a hankali kamar taku huɗu ko biyar, ka kawar da yara da dabbobi, ka bar masa hanyar fita. In da waya a hannunka, ɗauki hoto daga inda kake, ka jawo hoton kusa maimakon ka matsa da ƙafarka. Sai ka tambayi kanka me ya kawo shi. Yawanci ɓera ne ko kwaɗo ko mafaka. Tarin itace jikin bango, ciyawa har bakin ƙofa, hatsin da ya zube, ramukan ɓera, tsohon suri, duk gayyata ce. Idan ka tarar da saɓa, ka san mai ita yana kusa. A nisanta tarkace da ɗakin kwana, a sa takalmi mai rufe ƙwauri wajen aiki, a juya dami da sanda kafin a sa hannu, a riƙe tocila da dare, a kwana a kan gado cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

In kuwa tsautsayi ya afka, a nan maganar gane maciji ta koma baya. Na sha ganin an ɓata sa'a guda ana farautar macijin cikin ciyawa, marar lafiya yana zaune yana jira, wani lokaci ma a samu mutum na biyu da sara. Mu a asibiti ba mu bukatar gawar macijin. Jikin wanda aka sara yana gaya mana abin da muke nema. Mukan ɗebi jini kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, mu ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan mu karkata ta. Idan jinin ya daskare, da sauƙi ta wannan fanni. Idan ya gangaro kamar ruwa, mun san dafi mai hana jini daskarewa ya shiga, irin na kububuwa, kuma allurar kashe dafi ake bukata ba tare da ɓata lokaci ba.

Abin da za ku yi mana a hanyar zuwa asibiti kaɗan ne. A kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya taso, a ɗora gaɓar a kan ɗan katako a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya yi tafiya da ƙafarsa. Kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, wannan ɗaurin ya jawo yanke ƙafafu masu yawa. Kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a dogara da baƙin dutse, kada a ba shi asfirin ko ibuprofen domin suna ƙara zubar jini. A lura da lokacin da abin ya faru, za mu tambaya.

Kuma ko ya ce ya ji sauƙi, kada a mayar da shi gida. Wanda kububuwa ta sara yana iya zama yana hira, wurin saran ɗan kumburi ne kawai, alhali jininsa ya daina daskarewa. Sai daga baya dasashi ya soma jini, tsohon rauni ya buɗe, ko a ga jini a fitsari. Shi ya sa muke riƙe mutum aƙalla awa 24 muna maimaita gwajin, kuma idan an sallame shi ya ga jini ta ko'ina, ko ciwon kai mai tsanani ya taso masa, a dawo da shi a daren, kada a jira gari ya waye.