Kwamfuta a cikin kwamfuta: ma'anar "virtual machine"

Ɗaliban zanen gine-gine da na injiniyanci sukan ci karo da wannan kalma ne ranar da suka gano cewa Revit da SolidWorks ba sa tashi sai a kan Windows, su kuwa MacBook ce a hannunsu, ko kuma Linux suka ɗora wa laftof ɗinsu. Sai ka ji an ce musu, "Ku yi VM mana."

VM, wato virtual machine, kwamfuta ce da manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfutarka. Ana gutsuro wani kaso na ƙarfin na'urarka a ba ta, ta samu nata Windows da nata ma'ajin fayil, ta buɗe a allonka kamar kowace manhaja. Masu harkar kan kira kwamfutarka ta asali mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa. Dabarar ta daɗe, tun 1972 IBM ya fitar da VM/370 don manyan kwamfutocinsa. A yau VirtualBox na Oracle da VMware Workstation da Parallels na masu Mac su aka fi sani.

Sunan baƙuwa ya dace da ita, domin daga tukunyar gida take ci. Nan ne kuma mutane suka fi yin kuskure. Wanda zanensa ke maƙalewa sai ya ɗauki kusan duk RAM ɗin laftof, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinsa, ya miƙa wa baƙuwa, yana ganin gata ya yi mata. Mai masauki ya rasa inda zai numfasa, ya koma yana kwashe kaya zuwa faifai, duka biyun su durƙushe. Idan laftof na da 16GB, ba wa baƙuwa 8 ko 10. Idan 8GB ce gaba ɗaya, gaskiya ka fara da ƙara RAM in na'urar tana karɓa. Haka ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato CPU, wadda ta kasu sassa da ake kira core: mai huɗu ya bayar da biyu, mai takwas ya bayar da huɗu.

Akwai wata alama da nake son kowa ya duba. A VirtualBox, kalli ƙasan tagar ta hannun dama. In ka ga ɗan koren kunkuru, to Hyper-V, wato tsarin VM na Windows kansa, ya riga ya riƙe fasahar da ke ba VM gudu, VT-x a Intel ko AMD-V a AMD, VirtualBox kuma ta bayansa yake lallaɓawa. Kunkurun ba ado ba ne, tafiyar kunkuru za ka sha. A kashe Hyper-V, a tabbatar fasahar tana kunne a BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, sannan a sake tayar da na'ura.

Sauran ba su da wuya. Fayil ɗin VM ya zauna a SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. A saka Guest Additions na VirtualBox ko VMware Tools, wato ƙananan manhajojin da ke daidaita baƙuwa da mai masauki, a cikin baƙuwar, a kunna 3D, in ba haka ba ko jan layi sai ya riƙa tsalle.

Sai zafi, wanda mu a nan bai kamata mu raina ba. Laftof idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta lalace. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, ka aza ta a kan katifa ta toshe ramukan iska, ba a jimawa fanka za ta fara kuka, zane ya fara jan ƙafa. Ɗora ta a tebur, ka ɗaga bayanta kaɗan, ka jona caja, domin a kan batir ma tana tsimin ƙarfi.

Abin da duk wannan gyara ba zai magance ba shi ne katin hoto. Baƙuwa ba ta taɓa katin NVIDIA na laftof kai tsaye, wani na kwaikwayo ake ba ta. Zanen fili na AutoCAD ko aikin CorelDRAW za su tafi lafiya. Amma wanda zai riƙa jujjuya bene mai hawa biyar a Revit kullum, shawarata ya raba faifan laftof ɗinsa ya girka Windows a gefe. Masu Mac ta M1 zuwa sama ba su da wannan ƙofar, tun da babu Boot Camp, manhajar Apple ta girka Windows a gefe, a cikinsu, sai dai su zauna da Parallels ko su nemi wata na'urar.