Doro da ciwon wuya: me ya haɗa su?

Ciwo a wuya yake, me ya kawo zancen baya?

Ai ƙashin a haɗe yake. Gaɓoɓi 7 na wuya suna zaune ne a kan gaɓoɓi 12 na bayan ƙirji, inda haƙarƙari ke maƙale. Dama wannan wurin yana da 'yar lanƙwasa ta halitta, wadda a hoton ƙashi takan kama daga digiri 20 zuwa 40. Idan ta wuce kima sai kai ya turo gaba. Mutum kuwa ba zai yi tafiya yana kallon ƙasa ba, dole ya ɗaga haɓa. Nan tsokokin ƙeya ke takurewa, na kafaɗa su wuni suna tallabe da kan da ya kai kimanin kilo 5. Kamar tulu ne: idan ya zauna daidai a kan gammo sai a yi nisa da shi, idan ya karkace taku kaɗan wuya zai gaji. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa sunkuyar da kai digiri 60 na ɗora wa wuya nauyin da ya kai kilo 27. Shi ya sa ciwon kan hau ta ƙeya har ya zama ciwon kai.

Ke nan duk mai doro sai ya yi ciwon wuya?

A'a. Akwai tsofaffin da suka ranƙwafa sosai wuyansu lafiya lau. Doro yana ƙara wa wuya aiki ne, amma rashin barci, damuwa da daɗewa a zaune duk suna da hannu.

Me ke kawo doron?

Mafi yawa sabo ne. Dubi tela a kan kekensa tun hantsi har la'asar, ƙirji kan faranti, ido kan allura, ko matashin da ya duƙufa kan waya. Irin wannan yana miƙewa da zarar mutum ya kwanta rigingine. Akwai kuma wanda ke kama yara masu tasowa, wanda likitan Denmak Holger Scheuermann ya bayyana, inda gaban gaɓoɓin ke yin siriri. Wannan yaron ko an ce masa "miƙe zaune" sau ɗari ba zai iya ba, kuma yi masa faɗa zalunci ne. Mata da suka daina al'ada ƙashinsu kan yi rauni ya lotsa a hankali, har tsayinsu ya ragu.

Wanda ya fi damuna shi ne tarin fuka na ƙashin baya, domin Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Yana cin gaɓa har ta rufta, ƙusumbi mai tsini ya fito, wani lokaci ba tare da tari ba. Ana warkewa da magani idan an je da wuri, amma da yawa sai ƙafafu sun mutu ake kai su asibiti.

Yaya zan gwada kaina a gida?

Jingina da bango, dunduniya da ɗuwawu da baya duk su taɓa shi, kana kallon gabanka. Idan ƙeyarka ba ta kai bango ba sai ka ɗaga haɓa, to kanka ya turo gaba.

Yana gyaruwa?

Na sabo yana gyaruwa, kuma shafa man zafi a wuya kaɗai ba zai wadatar ba. Likitocin gashin ƙashi sukan sassauta bayan ƙirji, su koyar da atisayen ƙarfafa tsokokin da ke tsakanin allunan kafaɗa da jan haɓa ciki. A ɗago waya kusa da ido, a riƙa tashi ana miƙe jiki.

Yaushe ne ba a jira?

Idan akwai zazzaɓi, gumin dare, rama, rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, tangaɗi wajen tafiya, ko fitsari na kufcewa, a tafi asibiti ranar. Kada a bari kowa ya danna ko ya taka bayan kafin a ɗauki hoto.