Albashi da Alawus na Zaɓaɓɓun Shugabannin Ƙananan Hukumomi a Jihar Legas

Albashi da alawus na zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi su ne kuɗaɗe da sauran haƙƙoƙin da doka ta ware wa ciyaman, mataimakinsa da kansiloli saboda kujerar da jama'a suka ɗora su a kai. A Jihar Legas abin ya shafi ciyamomi 57, mataimaka 57 da kansiloli 376. Kuɗin da ake biyan su yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi na Asusun Tarayya da kuma harajin da ake karɓa a kasuwanni, tashoshin mota da shaguna. Don haka mai sayar da tumatir a Mile 12, da mahaucin Oko-Oba, da dillalin raguna a Alaba Rago duk suna da hannu a cikin albashin nan, ko sun sani ko ba su sani ba.

Su wa ake biya

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya san ƙananan hukumomi 20 ne kacal a Legas, alhali Kano tana da 44. A 2003 gwamnan jihar na lokacin, Bola Ahmed Tinubu, ya ƙirƙiro wasu 37. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙi amincewa da su, ta kuma riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar baki ɗaya. A Disamban 2004 Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma ta ƙara da cewa sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin Kundi. Har yau ba a shigar ba. Jihar ta mayar da su yankunan raya ƙasa, waɗanda kowa ke kira LCDA, kuma sai a 2007, da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki, aka saki ragowar kuɗin da aka riƙe.

Wannan tarihi shi ne tushen duk wani lissafin albashi a jihar. Abuja tana turo kaso 20, Legas tana raba shi gida 57. Agege ta haifi Orile-Agege, Mushin ta haifi Odi-Olowo/Ojuwoye, Kosofe ta fitar da Ikosi-Isheri da Agboyi-Ketu, Alimosho kuwa gida shida aka yi ta. Kowace tana da ciyamanta, da mataimaki, da majalisar kansiloli, da sakatariya, da motocin ofis.

Akwai kuma waɗanda mutane kan haɗa da zaɓaɓɓu alhali naɗa su ake yi: sakataren ƙaramar hukuma, da kansilolin gudanarwa masu kula da sassa irin su lafiya, ilimi, ayyuka da noma, da masu ba da shawara. Su ma daga asusu ɗaya ake biyan su. Wa'adin zaɓaɓɓu a Legas shekara huɗu ne, kuma hukumar zaɓen jiha, LASIEC, ta gudanar da zaɓuka a watan Yuli na 2017, 2021 da 2025. A na 2025 jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya.

Wanda ke yanka albashin

Hukumar Tattarawa da Rarraba Kuɗin Shiga ta Ƙasa, RMAFC, ita Kundi ya ɗora wa aikin ƙayyade abin da ya dace a biya masu riƙe da muƙaman siyasa, tun daga shugaban ƙasa zuwa ƙasa, kuma jadawalinta ya haɗa da ciyamomi da kansiloli. Sai dai sashe na 7 na Kundin ya bar wa kowace jiha tsara fasali da kuɗin ƙananan hukumominta ta hanyar doka. Shi ya sa abin yake tafiya hawa biyu: RMAFC ta yanka ma'auni, Majalisar Dokokin Jiha da ke Alausa da ma'aikatar ƙananan hukumomi su tsara yadda za a bi shi. Kansilolin kowace hukuma su ke amincewa da kasafinta na shekara, wanda a cikinsa nasu haƙƙin yake.

Ba haka abin yake ba tun asali. A gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya daidaita tsarinsu a duk faɗin Najeriya, yawancin kansiloli ba ma'aikatan cikakken lokaci ba ne. Mutum yana sana'arsa, ranar zama ya je zama, a ba shi alawus. A 1991 gwamnatin Ibrahim Babangida ta kawo tsarin shugaban ƙasa zuwa ƙananan hukumomi, aka raba ɓangaren zartarwa da na dokoki, kujerar kansila ta fara komawa aikin albashin wata.

Gundarin albashi

Jadawalin da ake dogaro da shi na 2007 ne, wanda dokar tarayya ta 2008 ta tabbatar wa masu muƙaman tarayya. A cikinsa gundarin albashin ciyaman ya ɗan haura naira dubu 900 a shekara, na mataimaki ya ɗan haura dubu 850, na kansila kuma ƙasa da haka. Idan aka raba na ciyaman gida goma sha biyu, kimanin naira dubu 75 ke nan a wata.

A 2007 wannan kuɗi ne na a zo a gani. Ya ninka mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya na lokacin, naira 7,500, sau goma, kuma dala tana wajen naira 125, wato ya kai kusan dala 600 a wata. Daga nan mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024, Gwamna Babajide Sanwo-Olu kuma ya sanar da 85,000 ga ma'aikatan Legas a Oktoban 2024. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Jadawalin RMAFC bai motsa ba. Sakamakon shi ne, a bisa takarda, gundarin albashin mutumin da ke shugabantar Alimosho, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum fiye da miliyan ɗaya idan aka haɗa da LCDA biyar da aka fitar daga cikinta, bai kai abin da ake biyan mafi ƙanƙantar ma'aikacin jiha ba.

An yi yunƙurin gyara. A 2023 labari ya bazu cewa hukumar RMAFC ta ba da shawarar ƙarin kashi 114 cikin ɗari, jama'a suka yi ca a daidai lokacin da cire tallafin man fetur ya jefa kowa cikin ƙunci, fadar shugaban ƙasa ta ce ba ta amince da wani ƙari ba. A Agustan 2025 shugaban hukumar, Mohammed Bello Shehu, ya sake tayar da maganar, yana cewa albashin masu muƙaman siyasa yana nan yadda yake tun 2008.

Alawus-alawus

Duk wanda ya tsaya a gundarin albashi bai ga komai ba, domin ƙarfin kuɗin yana cikin alawus. Tsarin RMAFC yana lissafa kowane alawus a matsayin kaso na gundarin albashin shekara. Wasu tare da albashi ake biyan su duk wata: na gida, na mai da gyaran mota, na masu aikin gida, na mai taimaka wa na musamman, na karɓar baƙi, na wuta da ruwa, na jaridu. Idan aka tara su sukan ninka gundarin albashin. Wasu kuma sai lokacinsu ya zo, kamar kuɗin hutu, kuɗin kwana idan an yi tafiyar aiki a cikin gida, da guzurin tafiya ƙasar waje.

Manya uku su ne kuɗin kayan ɗaki, da rancen mota, da kuɗin sallama. Na farko sau ɗaya ake ba da shi a wa'adi. Na biyu bashi ne da ake cirewa a hankali. Na uku ana biyan sa ne bayan mutum ya kammala wa'adinsa lafiya, kuma shi ke tsaya wa zaɓaɓɓe a madadin fansho, tunda ciyaman da kansila ba sa cikin tsarin fansho na ma'aikata. Dokar fansho da Legas ta yi a 2007 ta tsofaffin gwamnoni ce da mataimakansu, ba ta gangaro ƙananan hukumomi ba. A jihohi da yawa ƙungiyoyin tsofaffin kansiloli sun shafe shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, wasu har zanga-zanga da kotu.

Bayan waɗannan akwai abin da ba albashi ba ne amma yana hannun mai kujera: motar ofis da direba, kuɗin tafiyar da ofis, da kuɗin tsaro da ciyaman ke kashewa wajen tallafa wa 'yan sanda da 'yan sintiri. Nan ne ido ya fi kasa gani. Kuɗin tsaro a Najeriya ya yi ƙaurin suna wajen rashin bayani dalla-dalla, kuma muddin gundarin albashi ya zama abin da ba ya riƙe gida, to jarabar neman cikon ta wannan ƙofa, ko ta kwangila, ko ta kuɗin rumfunan kasuwa, tana ƙaruwa. Ƙaramin albashi a takarda bai rage wa talaka ko kwabo ba. Abin da ya yi shi ne ya kawar da ainihin kuɗin daga inda za a iya ƙirga shi.

Nauyin da ke kan kansila

Kansila shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kowa kusa da jama'a, kuma kusancin yana da tsada. A unguwanni irin su Zangon Agege, Idi-Araba da Obalende, inda Hausawa suka daɗe har suka hayayyafa, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mutane. Wannan matarsa na asibiti, wancan an kama masa babur, wani kuɗin jarrabawar yaro, ga biki, ga suna, ga rasuwa, ga gyaran masallaci, ga azumi da Salla. Babu ɗaya daga ciki da doka ta sa a aikinsa, wanda shi ne yin dokokin ƙaramar hukuma, amincewa da kasafi da sa ido kan ciyaman. Amma wanda ya ce babu sau uku ya san makomarsa a zaɓen fid da gwani. A kan wannan ga bashin kamfen da tsadar haya a Legas.

Illar hakan ta fi bayyana a zauren majalisa. Kansilan da ke jiran ciyaman ya sa hannu kafin alawus ɗinsa ya fito zai yi wuya ya tsare shi da tambaya kan kwangilar kwalbati. Duk da haka kujerar tana da farin jini, saboda tsani ce. Mudashiru Obasa, wanda ya zama Kakakin Majalisar Dokokin Legas a 2015, daga kansila ya fara a Agege a 1999.

Inda kuɗin ke fitowa

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na Asusun Tarayya da kashi 35 na harajin VAT. Sashe na 162 na Kundi ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin ke sauka kafin kwamiti ya zauna duk wata ya raba. Tun daga can ake cire albashin malaman firamare, da fanshon ma'aikata, da kason sarakuna, sannan abin da ya rage ya isa sakatariya. Kuɗin shiga na cikin gida kuma ya haɗa da kuɗin rumfa, lasisin shago, rajistar aure, kuɗin mayanka da na tasha, da kason da jiha ke mayarwa daga harajin filaye da gidaje da take karɓa a dunƙule tun 2001.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. A Legas hukuncin ya farfaɗo da tsohuwar tambaya: idan kuɗi ya tafi kai tsaye ga hukumomi 20, daga ina za a biya ciyamomi da kansilolin LCDA 37? Majalisar jihar ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a ƙarshen 2024 kan ƙudurin sake fasalinsu, amma zaɓen 2025 ya gudana a duka 57 kamar da.

Sa ido

Ciyaman da kansila jami'an gwamnati ne a ƙarƙashin dokar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na Kundi. Wajibi ne su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata idan sun hau da kuma idan sun sauka, kuma an hana su karɓar kyauta saboda aikin ofis. Ba su da rigar kariyar da sashe na 308 ya bai wa shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu, don haka EFCC da ICPC za su iya gurfanar da su suna kan kujera. A Yunin 2019 sashen bin diddigin kuɗi na ƙasa, NFIU, ya ƙayyade cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira dubu 500 a rana. Jihar tana da babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi da ke kai rahotonsa gaban Majalisar Dokoki, wadda ta sha gayyatar ciyamomi har ma da dakatar da wasu.

Abin da mai biyan haraji ya fi buƙata mai sauƙi ne, kuma shi ne ya fi wuyar samu: takarda ɗaya manne a allon sakatariya da ke nuna abin da ya shigo a wata, da abin da aka biya ciyaman, mataimaki da kowane kansila, albashi da alawus a haɗe. Ma'aikatar kuɗi ta tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga Asusun Tarayya duk wata, don haka shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa a Agege, Mushin ko Ojo suna da adadin da za su fara tambaya a kansa idan an kira taron masu ruwa da tsaki kan kasafin shekara.